Ranar da Goggo ta yi gyangyaɗi a kan labarina

Asabar, Bauchi.

Tun bayan sallar asuba na zauna a kan wasan kwaikwayon rediyon da na shafe mako uku ina rubutawa, wanda na yi wa 'yan ƙungiyarmu alkawarin kai musu kashi na farko da la'asar. Labarin wani tela ne, saurayi mai riƙon amana, wanda ana saura kwana uku ƙaramar salla dutsen guga ya ƙona masa shaddar mahaifin yarinyar da yake nema da aure. Na cika shafi goma sha ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, na tashi ina jin na yi abin a yaba.

Da hantsi na ɗauki takardun na shiga sashen Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda daga bakinta ne duk yaran gidan nan muka fara jin "ga ta nan, ga ta nanku". Na same ta a kan tabarma tana tsinkar zogale a faifai. Bayan mun gaisa na fara karanta mata, daga haihuwar telan, zuwa wurin wanda ya koyi ɗinki, zuwa irin shaidar da mutanen unguwa suke yi masa. Ban gama shafi na uku ba na lura hannunta ya tsaya a cikin faifan, kanta kuma ya fara rinjaya gefe. Na yi gyaran murya, ta buɗe ido ta ce, "Ina jin ka, ɗan nan. Amma wannan telan naka, me ya dame shi ne?" Na ce mata damuwar tana tafe a shafi na biyar. Ta ce, "To, idan an kai can ka tashe ni."

Maganar ta sosa mini rai, amma da na nemi ƙarin bayani sai ta ba ni abin da ban samu ba a duk karance-karancen da na yi. Ta ce ita a duk tatsuniyoyin da ta yi mana, ba ta taɓa yin numfashi uku ba tare da ta faɗi abin da Gizo yake so ba: ko dai yunwa ce ta ishe shi, ko yana kwaɗayin 'yar sarki, ko ya cinye abin da Ƙoƙi ta ajiye yana neman hanyar kuɓuta. A cewarta, yaro ba ya hana idonsa barci domin ya ji kyawawan halayen wani, abin da yake zaunar da shi shi ne ya ga ko asirin Gizo zai tonu. Na duba rubutuna da wannan ma'auni, sai na ga na ɓata shafi huɗu ina yabon mutumin da bai nemi komai ba, kuma babu abin da yake tsoron rasawa.

Da azahar na hau Keke Napep zuwa Kasuwar Wunti, muka bi ta gaban kabarin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutane sun fi tuna shi a matsayin Firayim Ministan da aka kashe a watan Janairun 1966, amma ni yau malamin makarantar nan matashi na tuna, wanda ya shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, ya fito da Shaihu Umar. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin wasan dandali, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Na tambayi kaina abin da ya sa labari ɗaya ya iya rayuwa a takarda, da kan dandali, da kuma majigi, alhali kowanne da irin kayan aikinsa. Amsar da na samu ita ce ta Goggo. A tsakiyarsa akwai uwa da aka raba da ɗanta, ta bi sawunsa har ta ƙetare hamada, ta faɗa cikin bauta, kuma da suka haɗu ba ta daɗe a duniya ba. Duk wanda ya ji wannan ya san abin da ake nema da abin da za a iya rasawa, ko da mai ba da labarin ba shi da komai sai bakinsa.

Abin da ya kai ni kasuwa shi ne in ga telan da yake yi mini ɗinki. Na tarar da shi ya duƙufa a kan keke, almakashi a gefensa, tef ɗin awo a wuyansa, yaronsa kuma yana fifita gawayin dutsen guga a bakin ƙofa. Na tambaye shi abin da zai yi idan tartsatsi ya faɗa a kan shaddar wani ana jibi salla. A rubutuna na sa telan ya dafe kai yana doguwar magana a kan ƙaddara da amana, shi kuwa wannan dariya ya yi ya ce, "Malam, wa yake da lokacin surutu? Abin da za ka fara dubawa shi ne inda ƙunar take. Idan kusa da wuya ne, sai ka faɗaɗa aikin ya rufe wurin, mai kaya ma ya ɗauka kyauta ka yi masa. Idan a tsakiyar baya ne, to ka shiga uku, domin ko ka sami irin launin a kasuwa da wuya shaddar ta zo ɗaya." Ya ɗaga wata babbar riga ya nuna mini da yatsa iyakar inda zare zai iya kaiwa.

A nan ne labarin ya buɗe mini. Ashe telana yana da hanya biyu a gabansa: ya rufe ƙunar da aiki ya yi shiru, ko ya fuskanci surukinsa na gobe da gaskiya, alhali yana sane da cewa auren na iya rushewa. Riƙon amanar da na yi ta yabo a shafi huɗu ba ya bukatar ko kalma ɗaya daga wurina, domin hanyar da ya zaɓa ce za ta nuna shi. Na kuma gane wani aibin da ban lura da shi ba a baya: abubuwan da suke faruwa a rubutun nawa jere suke kawai, sai kaza ya faru, sai kaza ya faru, ba tare da na farko ya haifi na biyu ba. Yanzu kuwa idan ya rufe ƙunar, dattijon zai yaba aikin a bainar jama'a ranar idi, yabon nan zai jawo masa sababbin masu ɗinki, kuma kowane yabo zai ƙara wa ƙaryar nauyi a zuciyarsa.

Da la'asar muka haɗu a ajin da muke aron yin gwaji. Mun fi minti arba'in muna jiran mutum biyu, amma wannan tsohuwar cuta ce, ba zan tsaya a kanta ba. Da aka fara karatu, yaron da yake naɗar mana sauti ya tsayar da mu a inda na rubuta cewa tela ya zura wa ƙunar ido. Ya ce, "Malam, a gafarce ni, ta yaya mai sauraro zai ji ido?" Gaskiyarsa. A littafi zan iya shiga zuciyar telan in faɗi abin da yake saƙawa, a fim kamara za ta matso ta nuna ramin da bakinsa ya yi baƙi, amma a rediyo kunne kaɗai muke da shi. Muka yi ta gwadawa har muka tsaya a kan wannan tsari: a fara da ƙarar keken ɗinki, a ji yaron shago ya ja hanci ya ce, "Maigida, ba ka jin ƙauri?", keken ya tsaya cak, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan a ji sallamar dattijon daga bakin ƙofa. Wanda zai fito a matsayin dattijon ya roƙi kada a mayar da shi mugu, ya kawo shawarar a ce shaddar ɗansa ne ya aiko masa daga nesa, shi ya sa yake ji da ita. Na karɓa nan take, domin ta haka mai sauraro zai tausaya wa duka biyun, ya rasa bayan wanda zai bi.

Bayan sallar isha na yage shafuka huɗun farko, na sake rubuta buɗewar a shafi ɗaya da rabi, na koma wurin Goggo. Ta riga ta shimfiɗa abin kwanciyarta, amma ta ce in karanta. Na yi mata ƙarar keken da bakina, na yi muryar yaron, na yi shirun, na yi sallamar dattijon, sannan na ninke takardar. Ta tashi zaune ta ce, "To, sai ya ce masa me?" Na ce ban rubuta ba tukuna. Ta harare ni ta ce in tashi in ba ta wuri, kuma kada in sake shigo mata gobe ba tare da amsar ba. Yanzu ƙarfe sha ɗaya ta wuce, an ɗauke wuta, ina rubutu da fitilar waya, kuma har yanzu ban yanke shawarar ko telan zai amsa sallamar da kansa ko zai tura yaron ya ce ba ya nan ba.