Ƙwayar cuta ba ta san katangar asibiti ba

Wai don Allah kun taɓa karanta takardar da ake ba majinyaci in za a tura shi babban asibiti? Sau da yawa layi uku ne kacal, suna, shekaru, sai "zazzaɓi ya ƙi sauka". Babu sunan allurar da aka yi masa, babu kwana nawa ya yi yana shan kafso, balle sakamakon gwajin lab. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya sosai.

Dalili kuwa shi ne, mara lafiya a wajenmu ba ya zama wuri ɗaya. Ya fara da kemis ɗin unguwa a ba shi Ampiclox da Flagyl na kwana biyu, ya ji sauƙi-sauƙi ya ajiye, ciwo ya dawo a kai shi asibitin ƙaramar hukuma a ɗura masa ceftriaxone, abu ya ƙi sai a ce ku wuce Kano ko Zariya, wasu ma tun daga Maraɗi da Damagaram suke tahowa, to duk inda ya kwanta ƙwayar da ta riga ta saba da magani tana jikinsa, tana hannun mai jinyarsa, tana robar fitsari, tana ƙarfen gado. Nas ɗin da ta karɓe shi ba ta sani ba, sai ta kwantar da shi kusa da wanda aka yi wa tiyata jiya.

Shi ya sa ko asibiti ya kai ina wajen tsafta, in maƙwabtansa ba sa gaya masa komai, aikin banza yake yi.

A jihar Illinois ta Amurka tun 2013 suka buɗe rajista guda, duk asibitin da ya gano mutum na ɗauke da ƙwayar CRE, wadda ke bijire wa manyan allurai irin su meropenem, dole ya shigar da shi. In mutumin ya je wani asibitin za a iya dubawa a gani, a ware masa ɗaki, a sa safar hannu da riga kafin a taɓa shi. Ba wani sabon magani suka ƙirƙiro ba fa, labari kawai suke ba juna.

Kuma mu abin ya fi shafa. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. NCDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, ta fitar da tsarin ƙasa kan wannan matsala tun 2017, madalla, amma ni a ganina tsarin Abuja bai kai ga gadon majinyaci ba sai in manyan asibitocin da ke da lab sun riƙa sanar da ƙananan da ke kewaye da su wane magani ne ya daina aiki a yankin, ko da ta guruf ɗin WhatsApp ne duk wata uku.

Kafin nan dai, in za a tura naku wani asibitin, ku roƙi likita ya rubuta sunan duk maganin da aka ba shi da kwanakin, kwalayen kemis ɗin ma ku zuba a leda ku tafi da su.