Bears ko Packers: musun da muka kwashe a Canton

Ranar Asabar mun je Canton, jihar Ohio, zauren da ake girmama zaratan 'yan ƙwallon ƙafar Amurka tun 1963. Abokin tafiyata ɗan Chicago Bears ne har cikin jini, ni kuwa Green Bay Packers nake bi. Ƙungiyoyin nan biyu tun 1921 suke gaba. Musunmu shi ne: wacce ta fi a cikinsu?

Hujjarsa guda ce: babu ƙungiyar da ta kai Bears yawan mutane a zauren. Gaskiya ya faɗa. Ga George Halas, ga Mike Singletary, ga Walter Payton da ya yi gudun yadi 16,726 riƙe da ƙwallo.

Amma na daɗe tsaye gaban siffofin Dick Butkus da Gale Sayers. Tare suka shiga Bears a 1965, kowanne gwani na gwanaye, sai dai har suka ajiye wasa ba su taɓa buga wasan zagayen neman kofi ba ko sau ɗaya. Wallahi abin ya taɓa min zuciya. Sayers ciwon gwiwa ne ya katse shi, kuma yana shekara 34 aka shigar da shi zauren.

Mu namu sun haɗa suna da kofi. Bart Starr, a ƙarƙashin koci Vince Lombardi, ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, na farko da na biyu, kofin ma yau sunan Lombardi yake ɗauke da shi. Sannan ga Reggie White da Brett Favre. Kambun gasa 13 gare mu, su 9.

Yawa dai na ba Bears. Amma Payton, ko ni ɗan Packers, ina cire masa hula.