Godiya bayan haɗarin da ya same ni a ido

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, yau da idona nake rubutun nan, ba wani ke riƙe min waya ba.

Talatar da ta wuce ina gyaran canji-oba, wato makunnin da ke sauya wuta tsakanin NEPA da janareta, a wani injin niƙa a Sharaɗa, layi mai fes uku (wayoyi uku masu ɗauke da wuta). An ɗauke wuta, sai na yi ganganci ban zare fis ba. Ina cikin ɗaure waya aka kawo wutar, sukundireba ta haɗa layi biyu. Wani farin haske ya daki fuskata kamar walƙiya. Ban ƙone ba, ina gani ras, har na hau babur na koma gida ina ba da labari.

Sai wajen ƙarfe 2 na dare abin ya taso. Idanu kamar an watsa min yashi, hawaye ba tsayawa, ko hasken tocila ba na jurewa. Wallahi na ɗauka na makance.

Godiyata ta farko ga uwargida. A daren nan babu abin da ba a kawo ba: wannan ya ce a ɗiga nono, wancan ya ce ruwan albasa, wata ta zo da kwalli. Ta tsaya kai da fata ta ce babu mai taɓa idon sai likita. Na yi mata faɗa a lokacin, ta yafe ni.

Maƙwabcina mai walda, kai ka kwantar min da hankali, ka ce kun san wannan ciwon, sai bayan sa'o'i yake bayyana. Da asuba ka ɗauke ni zuwa asibitin ido. Allah Ya biya ka.

Likita ta ɗiga wani ruwa rawaya, ta haska shuɗiyar fitila, ta ce hasken ne ya ƙona fatar saman ƙwayar idon, kuma tana warkewa da kanta cikin kwana 2 zuwa 3. Na roƙe ta maganin kashe zafin da ta ɗiga min in tafi da shi, ta hana, ta ce yawan sa shi yana hana warkewa. Na gode, likita.

Maigidana da ya koya min wayarin, Baba, ka zo da gilashin kariya a leda, ka ajiye ba ka ce uffan ba. Na ji.

Duk wanda ya zo dubiya ko ya kira, Allah Ya bar zumunci. Masu aikin da na ɗaga, Litinin zan fito in sha Allahu.