Rainon 'yan shekara biyu da Hausa da Turanci: abin da ya yi mana aiki

Ajin da nake kula da shi a gidan raino na yara ne daga wata 18 zuwa shekara 3. Yawancin iyaye buƙata ɗaya suke zuwa da ita, wato su ji bakin yaro ya kama Turanci. Mu kuma muna ɗora musu ta biyu: yaro ya iya shan ruwa da kansa, ya sa takalminsa, ya faɗa idan fitsari ya matsa shi. A wurinmu waɗannan biyun aiki ɗaya ne, domin ɗan shekara biyu ba ya ɗaukar harshe daga allo. A bakin kofi da sabulu da takalmi yake tsintarsa.

Anti biyu ke ɗaki, kowacce da yara biyar ko shida. Ɗaya Hausa take yi tun safe har tashi, ɗaya Turanci. Ba a kan awa muke raba harshen ba, a kan mutum muke rabawa, saboda yaro bai san agogo ba amma ya san fuska. Abin da ke rushe wannan tsari shi ne fassara. Idan anti ta faɗi magana da Turanci sannan nan take ta maimaita da Hausa, yaron zai koyi toshe kunne ya jira ta biyun. Maimakon haka sai ta nuna abin, ta riƙe shi, ta sake faɗa a hankali. Wata ɓarnar kuma ta fi wannan ɓoyuwa: a bar wa Turanci waƙa da littafi da yabo, Hausa kuwa ba a jinta sai wajen tsawa, "sauka!", "bari!", "zan zane ka!". Yaro mai wayo ne, da wuri zai gane wane harshe ne na daɗi. Don haka tatsuniya da waƙar wasa da "sannu da ƙoƙari" duk suna da kasonsu da Hausa. Manufar ilimi ta Najeriya ma, har zuwa 2025, ta daɗe tana cewa a fara wa ƙananan yara da harshen uwa ko na unguwar da suke, ko da yake makarantun kuɗi ba su cika waiwayarta ba.

Dokar raba harshen tana da togiya guda. Ciwo, kuka da banɗaki da harshen gida ake yin su, ko wace anti ce a kusa. Ranar farko muna tambayar uwa kalmar da yaron yake faɗa idan yana jin kashi ko ƙishirwa, mu rubuta mu liƙa a bango.

Kayan ɗaki kuwa, ƙa'idar da Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, ta fara da ita a birnin Rum a 1907 muke bi, komai daidai tsayin yaro. Kafinta ya yi mana kujeru masu tsayin santimita 20 zuwa 25, yadda tafin ƙafa zai taɓa ƙasa, da tebur mai kusan santimita 40. Kanta buɗaɗɗiya ce mai hawa biyu, abu shida ko takwas kawai a kai, kowanne a tirensa. Idan aka cika kanta, yaro watsarwa yake yi ba wasa ba. Kowa yana da ƙusar rataye jaka da hotonsa a kai, tunda bai iya karanta suna ba.

Zuba ruwa shi ne darasin farko, kuma a nan ne ake gane anti mai haƙuri. Ƙaramin jug mai cin mililita 250, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku kawai, da kofi, da tsumma a gefen tire. Anti ta zauna a gefen yaro, ba gabansa ba, don kada dama da hagu su juye masa. Ta kama hannun jug da hannu ɗaya, ta tallafi cikinsa da ɗayan, ta karkata a hankali, ta tsaya, ta ajiye, ta goge ɗigon da ya zuba. Duk wannan bakinta a rufe. In tana magana tana yi, idon yaro fuskarta zai koma ya bar hannun. Sai ta gama sannan ta faɗi kalma uku ko huɗu: zuba, ya cika, ya zube, goge. Gobe ɗaya antin za ta nuna aikin iri ɗaya da nata harshen. Ruwa zai zube, tabbas. Ba a cewa komai, tsumma ake miƙa masa. Wasu suna fara wannan darasi da wake ko masara don gudun jiƙa ɗaki. Mu ba ma yi, domin ƙwayar wake a hancin ɗan shekara biyu tafiyar asibiti ce. Haka gyaɗa da aya da dabino mai ƙwallo ba sa shiga ajin, saboda shaƙewa.

Wanke hannu da bokiti mai famfo muke yi, a kan benci, da roba a ƙasa. Sabulu a yanka shi huɗu don ya shiga tafin yaro, a cuɗa na daƙiƙa 20, tsawon gajeriyar waƙa ɗaya. Ruwan robar ana zubarwa nan take. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya tasowa, kuma ruwa kaɗan ya isa.

Sa takalmi da wando daga ƙarshen aikin muke fara koyarwa, mu yi baya. Anti ta zura ƙafar, ta bar masa manne igiyar. Ya ƙware, sai ta bar masa tura dunduniya, a haka har a kai farkon aikin. Amfaninsa shi ne kullum shi ke kammalawa. Muna roƙon iyaye wando mai roba a ƙugu da takalmi mai mannewa. Wandon jins mai maɓalli da bel yana da kyau a hoto, amma shi ke sa yaro ya jiƙa kansa a ƙofar banɗaki. A ƙara minti 15 kafin fita wasa, domin gaggawa ce ke sa babba ya karɓe aikin.

Ba ma cire famfas don shekara ta kai. Muna duba ko yana kai awa biyu a bushe, ko yana ɓuya a lungu in zai yi kashi, ko yana iya sauke wando. In alamun sun taru, sai a zaunar da shi a fo bayan cin abinci da bayan barci, minti uku zuwa biyar, a zo da wandon canji uku. Yana riƙe ƙaramar buta ya koyi tsarki da hagu, amma anti ce ke ƙarasawa. Wanda aka daka don ya ɓata wando yakan fara riƙe kashi, cikinsa ya bushe, fitar ta yi zafi, ya ƙara riƙewa.

Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne shiru da haɗa harshe. Sabon yaro yakan yi makonni, wani ma watanni, bai ce wa antin Turanci uffan ba, alhali in ta ce ya ɗauko kofi yana ɗaukowa. Wannan sauraro yake yi. Haka wanda ya ɗauko sunan takalmi da Turanci ya liƙa masa "ɗina" bai rikice ba, giɓi ya cike da abin da ke hannunsa. Anti ta maimaita jimlar daidai da harshenta, ba tare da ta ce ya yi kuskure ba. Wajen ƙirga kalmomi ana haɗa na harsunan biyu ne. Ɗan shekara biyu ana sa ran yana da kusan 50 kuma ya fara haɗa biyu, kamar "Mama zo". In bai kusa haka ba a kowane harshe, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko kunnensa na zubar da ruwa, ba ma ɗora laifin a kan harshe biyu. A kai shi a duba jinsa.

Litinin ce ranar koma baya, domin a gida kaka da yaya da mai aiki duk suna rige-rigen ɗura masa abinci da sa masa kaya. Abu biyu muke nema a wurin iyaye. Su bar masa aiki ɗaya tak da ba mai karɓa, ko da cin tuwo ne da hannunsa a kan tabarma. Sannan su yi masa Hausa cikakkiya, da hira da tatsuniya, maimakon guntun Turancin umarni ko miƙa masa waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara ɗaya ya zauna kallon allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Kowace Juma'a muna sa takarda a jakar yaro da kalmomi biyar na makon da aikin da ya iya, don wanda ke gida ya san inda zai janye hannu.