Wankinmu ya koma saman bene

Daga Zariya aure ya kawo ni Maraɗi, muka sauka a gidan kawun maigidana, can wajen Ali Ɗan Sofo. Bene ne hawa ɗaya. Kawu da iyalinsa suna ƙasa, mu aka ba ɗaki biyu a sama, da wani fili a gabansu da aka zuba wa kankare aka bar shi ba rufi, sai ran da kuɗin ƙarin gini suka samu. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, sai na ɗauka ba abin da zai zame mini baƙo. Lissafin sefa ya ɗan juya mini kai a kasuwa, ya wuce. Wanki ne ya ƙi wucewa.

Famfo ɗaya ne a gidan, a tsakar gida. In sauko da kaya busassu, in hau da su jiƙaƙƙu, ga goyo a baya. In kuma na shanya a ƙasa, akwai awakin Gwaggo. Jajayen nan ne na Maraɗi da ake yabon fatarsu har Turai, masu yawan haifar tagwaye, Gwaggo kuwa ba ta haɗa su da komai. Bakin atamfata biyu suka tauna. Ruwan sabulun ma ba shi da hanya sai ta gefen zaure zuwa titi. Da rani yashi ya shanye, da damina ya kwanta ya yi wari.

Da maigidan ya kai maganar a maida wankina sama, Kawu bai ce komai ba, Gwaggo ce ta kira ni. "Ɗiyata, mi ya kai ruwa bisa kan mutane?" Daga nan ta ɗauko labarin da ta ji wurin iyayenta, na ambaliyar 1945, da Gulbi ya cinye tsohon gari a kwari har aka tashi mutane aka maido su kan tudu, inda aka yanka titunan nan miƙaƙƙu. Na ce, "Gwaggo, bokiti uku ne, ba Gulbi ba." Ta yi dariya, amma ba ta saki ba sai da aka kawo magini ya duba.

Shi ma ashe bai raina tsoron nata ba. Ya ce kankare yana shan ruwa a hankali, in ya kai ga rodin da ke ciki ya yi tsatsa, rodin ya kumbura, ya tsage silin ɗakin Kawu. Don haka sai da ya sake shafe wurin da siminti mai maganin hana yoyo, ya karkata shi kamar santimita 2 a kowace mita, yadda ruwa ba zai kwana ba. Tanki kuma, ni babba na so, mai lita 1,000. Ya tuna mini cewa in ya cika, tan guda ne cur a kan mutane. Muka ɗauki mai lita 500, aka ɗora shi daidai kan ginshiƙi, ba tsakiyar fili ba. Ya kuma hana a saki ruwan wankin ta indararo, don zai riƙa zuba a gindin katangar maƙwabci, wadda ta ƙasa ce. Bututu dabam aka sauko da shi ta bayan gida, zuwa rami da aka cika da tsakuwa.

Injin tura ruwa da na wanki duk na haƙura da su. Tun da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, mutanen gidan suka daina dogara da abin da sai da lantarki, ko bayan an maido ta. Da rana ruwan famfo ba ya da ƙarfin hawa sama, sai dare ya raba, gari ya yi barci. A lokacin tankin ke cika da kansa.

Abin da ban hango ba shi ne ido. Daga filin nan ana ganin tsakar gida uku, ɗaya ma na wani malami ne da matansa ke kulle. Kafin a sa bututu ko ɗaya, Kawu ya tura maigidan ya je ya yi wa malamin sallama, ya faɗa masa abin da za a yi. Ya dawo da amsa cewa ba laifi, a dai ɗaga katanga ta wuce tsayin mace a tsaye. Bulon da aka ƙara ya fi tanki da bututu tsada, na kuma yi ƙorafi a ɗaki. Amma a ganina yanzu kuɗin sun yi aiki, don bayan sati uwargidan malamin ta aiko mini da fura da gaisuwa, gidan da a da ko sunana ba su sani ba.

A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kafin in gama ɗauraye na ƙarshe na farko ya bushe. Sai dai ranar tana cin launi, dole in juya atamfa ciki waje. Da hunturu kuwa fararen kayan maigidan a ɗaki nake shanya su, in ba haka ba ƙura ta maida su ja. Hirar bakin famfo na rage samu, wadda ta nan na fara sanin wa ya haifi wa a unguwa, sai in sauka da yamma in tsinci ragowa.

Gwaggo har yau ba ta taka benen ba, ta ce gwiwa. Barguna dai tana aiko 'yan mata da su, don wai sama ta fi iska. Mitar ruwan ɗaya ce, takardar kuma ta ƙaru, shi ya sa Kawu ya ce daga watan gobe a raba biyu.