Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Yaya ta zo tsefe min kai

Assalamu alaikum 'yan uwa, kuyi haƙuri satin da ya wuce kun jini shiru, jikin ne ya ƙi.

Mun tsaya inda aka saka min kemo na farko a Katsina, wato maganin kansar mama da nake fama da ita. Ga wanda bai sani ba, nawa duk bayan kwana 21 ne, kuma sai an ɗebi jini an duba kafin su yarda su saka. Cikin magungunan akwai wani jan ruwa, doxorubicin sunanshi, nas ɗin na tura shi a jijiya a hankali tana cewa "Hajiya in kinga fitsarinki yayi ja yau ko gobe kar ki tsorata, maganin ne." Wallahi da bata faɗa ba da na ɗauka jini ne. A hanyar komawa Daura ko Mashi bamu kai ba na roƙi direba ya tsaya, amai kamar hanjina zai fito.

Kwana huɗu ko ƙamshin miyar kuka bana son ji, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake min, kunun tsamiya kaɗai ke zama, shima kurɓi-kurɓi.

Gashi kuwa likita ya faɗa min zai zube, nace toh, a raina ina cewa miye gashi in dai rai na nan. Sai bayan sati biyu Yaya ta zo tsefe min kai, ina zaune kan tabarma tsakanin ƙafafunta muna hira, kawai naji hannunta ya tsaya. Nace Yaya lafiya? shiru. Ina waigawa naga kitso guda sukutum a hannunta tana ƙoƙarin tura shi ƙarƙashin zanenta kar in gani, idonta jawur. Ni da nake ta cika baki sai gani ina kuka kamar ƙaramar yarinya, kukan da ko ranar da aka ce min kansar mama ce banyi ba.

Da la'asar nace ta ɗauko almakashi ta gama da sauran, gara in ganshi a ƙasa sau ɗaya da in riƙa tsintarshi a filo kullum da safe. Autata na dawowa daga islamiyya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, can ta matso ta shafa kan tace "Mama zafi yake miki?" nace a'a, sai ta cire hijabinta ta rufa min.

Sati mai zuwa in Allah Ya kaimu zan baku labarin ranar da jinina yayi ƙasa aka ɗaga min kemo na biyu. Ku saka ni a addu'a.