Wasiƙa Daga Jamus: Garin da Ya Tilasta wa Fatake Yada Zango

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina so in ba ku tarihin Hann. Münden, wani ƙaramin gari a jihar Niedersachsen, inda kogin Werra da na Fulda suka haɗu suka zama kogin Weser, kamar yadda Kwara da Binuwai suka haɗu a Lakwaja.

A shekarar 1247 mai mulkin yankin, Otto na Braunschweig, ya ba garin wata dama mai suna Stapelrecht, wadda ta wajabta wa duk falken da ya ratso da kaya ya sauke su, ya baje wa mutanen gari har kwana 3 kafin ya wuce, ko da kuwa ba nan ya nufa ba. Da wannan doka 'yan dako da dillalai da masu jiragen ruwa da masu masauki suka ci abinci kusan shekara 600, kuma da ribarta aka gina yawancin tsofaffin gidajen katakon nan fiye da 700 da baƙi ke zuwa kallo yau. Ina ganin kyawunsu, amma ban iya mantawa da falken da aka tsare ba da son ransa ba, kayansa na jibge a bakin ruwa, kwanakinsa na tafiya.

Maƙwabta ma ba su ji daɗi ba. Sarki Karl na Kassel ya kafa garin da ake kira Bad Karlshafen yanzu a 1699, ya soma haƙa hanyar ruwa domin kayan ƙasarsa su kauce wa Münden, amma aikin bai kammala ba.

Arzikin bai kare garin daga masifa ba, domin a 1626, lokacin Yaƙin Shekara Talatin da aka gwabza a Turai, dakarun Janar Tilly, kwamandan ɓangaren Katolika, sun ci shi da yaƙi, suka hallaka mutum fiye da 2,000. Garin ya farfaɗo, dokar ta ci gaba da aiki har 1824, lokacin da yarjejeniyar zirga-zirga a kogin Weser ta soke ta. Jirgin ƙasa ya iso a 1856, daga nan fataucin ruwa ya riƙa ja da baya.

Ku huta lafiya.

Naku,
ɗan'uwanku a Jamus